Kiri-kiri a Rami na Tara

Asabar, 11 ga Zulƙida 1392, bayan la'asar

Shekara ashirin da ɗaya da wata huɗu ke nan rabona da Auyo. Da ƙafa na fito ina bin Baba, muka ce wa Inna damina biyu za mu yi. Baba bai wuce Wad Madani ta Sudan ba, a can aka binne shi. Ni na ƙaraso Jidda, na sauke farali, na ce bari in ɗan tsaya in haɗa guzurin komawa. Tsayuwar ke nan.

Mudir, manajan wurin aikinmu, shi ya ba ni littafin nan don in riƙa rubuta ranar ban ruwa da ranar askin ciyawa. Gaban littafin nasa ne, bayan nawa. Ba ya karanta ajami.

Aikina a filin golf na kamfani ne, arewa da gari, inda Turawa ke bin ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Ramuka tara ne. Kowane rami yana tsakiyar wani fage zagayayye da muke kira faifai. Yashi ne da ake kwaɓawa da baƙin man mota don kada iska ta kwashe shi, kullum da safe a ja buhu a kai ya yi sumul. Shekara goma sha ɗaya ina wannan. Bana sabon Mudir ya ce shi ciyawa yake so ta gaske a faifai na tara, wanda ke gaban rumfar shan shayinsu. Irin da aka kawo masa a jirgi ya tsiro ya mutu har sau biyu. Sai na ce masa na san wata ciyawa mai taurin rai. Na bi hanyar Wadi Fatima inda bututu ke yoyo, na ciko buhu shida da kiri-kiri, na dasa, ta kama.

Kiri-kiri dai da kowa ya sani. Wadda Inna ke tsine wa a gonar fadama, ta sa mu tono jijiyarta mu tara mu ƙona. Ita nake yi wa hidima yau kamar 'yar sarki. Wannan labarin shi zan fara ba Inna, tun kafin in sha ruwa. Na san dariyar da za ta yi.

Gasarsu ta sanyi ranar Juma'a ce, 22 ga Zulhajji. Mudir ya ce in ranar ta zo faifai na tara yana kore, zai sa a buga min bizar fita da dawowa, wata uku, har da tikitin jirgi zuwa Kano. Kamfani ne kafilina, fasfona yana hannunsu. In na fita babu izinin dawowa, ni da matata Sharifa da 'yarmu Mastura sai dai a wasiƙa. Takardar Yaya Ubale da ta iso cikin azumi ta ce idon Inna ya yi rauni, tana cewa a gaya wa Haladu ya zo ta ji muryarsa.

Saura kwana arba'in da ɗaya.

Litinin, 13 ga wata, da hantsi

Na yi ban ruwa tun rana ba ta fito ba. Ruwan rijiyar nan gishiri ne, sai an kawo na daɗi a wayit, motar ruwa guda cur kowane kwana biyu. A unguwarmu Hindawiyya Sharifa na jiran mai jaki ya kawo mata garwa biyu, ta yi girki, ta yi wanki, ta rage na alwala. Ni kuma nan ina tuttula shi a ƙasa don ƙwallon Bature ta gangara da daɗi. Ban ce Mudir mugu ne ba. Yana gaisuwa, ba ya zagi. Bai dai taɓa ɗaukar garwa ba ne.

Usman ya wuce ni yana jan buhunsa, ya ce an yi wa amarya wanka? Haka yake kiran ciyawar. Mutumin Mai Wurno ne ta Sudan, ya girme ni, shekara goma sha shida yana gyaran faifai takwas ɗin nan da na tara kafin a ba ni shi. Ya ce shi nasa faya-fayan ba sa jin ƙishirwa, ba sa laulayi, ba sa neman wanzami. Na ce shi ya sa suke wari kamar gareji. Ya ce gareji dai ya aurar masa da 'ya'ya uku.

Alhamis, 16 ga wata, bayan magariba

Yaya ya sauka. Rafi'u maƙwabcinmu, mai tuƙa bas ɗin alhazai, shi ya gan shi a masaukin alhazai na filin jirgi yana tambayar Haladu na Auyo.

Na wuce shi sau biyu ban gane shi ba. Da ya juyo sai na ga Baba. Har yadda yake dafa ƙugu.

Mun yi ta gaisuwa. Na tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na ajiye tambayar Inna a ƙarshe kamar yadda yaro ke ajiye tsokar nama. Ya ce sai godiyar Allah. Ya ce damina ba ta yi kyau ba bana, gero ya tsaya a gwiwa. Ya tambaye ni wai da gaske ne ciyawa nake nomawa.

Juma'a, 17 ga wata, bayan la'asar

Ya ci abinci a gidanmu. Sharifa ta yi shinkafa da kifi, ta yi tuwo kuma don kada a ce matar Haladu ba ta iya ba. Mastura tana jin duk abin da ya ce, amma in za ta amsa sai Larabci ya riga Hausa fita. Ya ce wannan 'ya tamu sai an kai ta Auyo an wanke mata baki. Ta ce yalla, a tafi gobe.

Ya kwance ƙulli. Daddawa, kuka, barkono. Can ƙasa kuma carbin Inna na 'ya'yan giginya, da ƙaramin ƙoƙon da take shan fura, wanda ya tsage a baki aka ɗinke da zare tun muna yara. Ya ce ta ce a ba ni.

Na raka shi bakin titi, jibi za su wuce Madina. A nan ya tsaya.

"Haladu, kai ka sauke naka faralin tuntuni. Bana ka yi wa Inna."

Na ce masa ai bayan Salla ina nan tafe gida, in Allah Ya yarda baɗi ni zan kawo ta da kaina a jirgi. Ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Ka dai yi mata bana," in ji shi.

Asabar, 18 ga wata, da azahar

Na yi aski. Ciyawa lafiya.

Litinin, 20 ga wata, bayan asuba

Ciyawa lafiya.

Laraba, 22 ga wata, bayan la'asar

Sharifa ta ce me ya sa ba na cin abinci. Na gaya mata abin da Yaya ya roƙa. Ta ce to mene ne a ciki, adi ne, wato abu ne da aka saba, nan ana yi wa tsoho hajji yana da ransa in ba ya iya tafiya, ita kanta an yi wa kakarta tana zaune a ɗaki tana cin dabino. Na ji daɗin maganar. Na sa ta maimaita.

Sai dai ita haifaffiyar Hindawiyya ce. Ni da Yaya a gaban malami ɗaya muka durƙusa a Auyo, kuma abin da muka ji a bakinsa shi ne ba a yi wa mai rai hajji, sai wanda ya riga mu.

Yaya ya tsufa. Mutum yana mantuwa. Wataƙila a jirgi ya ji wani yana faɗin yadda ake yi a nan.

Juma'a, 24 ga wata, da hantsi

Iskar arewa ta taso kwana uku, da sanyinta da gishirin teku. Bakin ganyen ya fara ja, gefen gabas kuma ƙasa ta yi fari-fari. Da sanyi kiri-kiri ba ta gudu, kwanciya take yi, in ka matsa mata da aski sai ta yi fushi. Na ɗaga wuƙar injin kaɗan. Na tankaɗe busasshen kashin tumaki da rairayi mai laushi, na barbaɗa, na share da tsintsiya har ya shige tsakanin ganye, sannan na bi da ruwa mai yawa don gishirin ya nutse. Inda ƙasa ta yi tudu na bi da katako ina bubbugawa.

Ina cikin bugun sai na ji hannuna ya kama kiɗan daɓe. Shekarar da aka yi wa ɗakin Inna sabon daɓe, mata sun cika gidan, ita ce a gaba, zanenta a ɗaure a ƙirji, tana ba da waƙa suna amsawa. Ni aka sa ɗebo ruwan makuba. Na zubar da rabi a hanya, ta ce ba komai, ƙasa ma tana sha.

Wannan ma zan tuna mata.

Talata, 28 ga wata, da azahar

Na tambayi Mudir kwana shida, daga takwas ga wata zuwa sha uku. Ya ce sau nawa na yi hajji? Na ce shida. Ya ce to wannan ciyawar sau ɗaya za ta yi gasa, kuma ni kaɗai na san ta. Ya ce ba zai ɗaure ni ba, hutun Salla haƙƙina ne, amma alkawarinsa a kan ciyawa yake, ba a kan uzuri ba.

Gaskiya ya faɗa. Haka muka yi da shi.

In na zauna, zan tafi gida in gan ta. In na tafi Arfa a madadinta, to na yarda ke nan da

Ruwa ya iso, bari in je.

Juma'a, 1 ga Zulhajji, bayan la'asar

Yaya ya iso Makka. Ya aiko Rafi'u ya ce in zo mu yi Juma'a tare a Harami. Tafiyar sa'a guda ce da ɗan kai. Na ce a ce masa aiki ya yi yawa.

Na zauna a bakin faifai har rana ta yi sanyi. Babu abin da take bukata yau.

Lahadi, 3 ga wata, bayan asuba

Ciyawa lafiya. Ta yi kore shar. Mudir ya gangara ƙwallo a kai sau uku, ya ce tamam, wato ta yi. Saura kwana goma sha tara.

Talata, 5 ga wata, bayan magariba

Na dawo na tarar da Mastura tana shan ruwa da ƙoƙon. Na daka mata tsawa irin wadda ban taɓa yi mata ba. Ta ajiye shi a hankali, ta share shi da gefen mayafinta. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana haɗa Hausar a ranta, sannan ta ce:

"Baba, to ita Sitti, da me take shan furarta yanzu?"

Sitti take kiran Inna. Sharifa ta ja ta suka shiga ciki.

Na ba yarinyar haƙuri daga baya. Ba ta yi laifin komai ba.

Laraba, 6 ga wata, da azahar

Ciyawa lafiya. Ciyawa lafiya. Me ya dame ni da lafiyarta.

Alhamis, 7 ga wata, bayan la'asar

Na gaya wa Mudir gobe zan tafi. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce sai na dawo.

Usman ya ce shi ba inda za shi da Salla, zai riƙe min amarya. Na zaga da shi. Na nuna masa ruwa da sassafe, ruwa da yamma, na wayit kawai, kada ya kusanci na rijiya. Na ce kada ya taɓa injin aski, kada ya sa taki, kada ya bar awaki su shigo. Na sa ya maimaita. Ya ce Haladu, tun kana koyon ɗaura wando nake gyaran faifai, je ka abinka. Ya tambaye ni wa zan yi wa hajjin. Na ce Inna. Ya dube ni, ya cire hularsa ya mayar. Shi ma irin karatunmu ya yi.

Juma'a, 8 ga wata, da hantsi

Na yi wanka na ɗaura harami a gida. Sharifa na tsaye a bakin ƙofa riƙe da jakata, ta sa carbin a ciki.

Abin da ban yi tunani ba sai da na zo niyya. Wanda zai yi wa wani hajji yakan ambaci sunansa. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa kiran sunan Inna da bakina ba. Ko wata mai irin sunan na haɗu da ita, sai dai in ce mata mai sunan Inna. Na ɗaga murya na ce Labbaika, na tsaya. Na sake, na tsaya. Sharifa ta juya baya ta shiga kicin ta buɗe famfon da ba ruwa a ciki.

Na faɗa. Ba zan rubuta shi ba.

Laraba, 13 ga wata, bayan la'asar

Na dawo.

A Mina na sami Yaya a tantin mutanen Haɗeja. Da ya gan ni cikin harami sai ya kama hannuna bai saki ba. A Arfa, bayan la'asar, mutane na ta kuka kowa da nasa, muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ya faɗa mini ba tare da ya juyo ba. Tun Sha'aban. Ranar Talata, da walaha. Wasiƙar tana hanya a lokacin. Ya ce ba ta wahala ba. Ya ce ya yi ta shirya yadda zai gaya mini tun daga Kano, da ya ga fuskata a filin jirgi sai ya kasa.

Na ce na sani. Ya ce ya san na sani.

Daga tasha filin na wuce kai tsaye, ban biya gida ba. Tun daga rami na bakwai na ji warin.

Usman ya yi ban ruwa safe da yamma, bai fasa ko sau ɗaya ba. Bai taɓa inji ba, bai sa taki ba, akuya ba ta shigo ba. Amma kullum da safe, in ya gama jan buhu a faifai takwas, sai ya ga na tara da raɓa da sawun karnuka, ya ga bai dace a bar shi haka ba. Sai ya ja masa shi ma. Buhun da ya sha baƙin mai shekara da shekaru. Safiya shida. Ya ce da ya ga tana duhu ya ɗauka ƙoshi ne, sai ya ƙara ja don ta yi sheƙi kafin in dawo.

Na lissafa masa abin da ba a yi har guda huɗu. Buhu bai zo mini a rai ba. Shi kuma a wurinsa faifan da ba a ja wa buhu ba, ba a gyara shi ba.

Yana tsaye da hula a hannu, tsoho da shi, ya ci Sallarsa shi kaɗai a filin nan saboda ni. Na ce sannu da aiki, Usman.

Alhamis, 14 ga wata, da azahar

Na wanke ta da sabulu da ruwan wayit guda. Na barbaɗa busasshen rairayi ya tsotsi man, na share, na sake. Ruwa ba ya shiga, taruwa yake a kai yana ƙyalli. In ka ja ganye sai ya biyo hannunka.

Asabar, 16 ga wata, da hantsi

Mudir ya dawo daga hutu. Ya zaga faifan sau ɗaya, wuyansa ya yi ja. Ya ce wa ya yi wannan? Na ce ni, ni na tafi ban bar cikakken bayani ba. Usman ya fara magana, na take masa ƙafa. Shi iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, saura wata biyu a sabunta, ga shekaru.

Mudir ya ce a kankare, a mayar da yashi da mai kafin Juma'a. Maganar fita kuma ta ƙare, sai dai a duba baɗi. Bai ɗaga murya ba. Ya cika nasa, ni ne ban cika nawa ba.

Kafin a kawo shebur na bi gefen yamma da wuƙa, inda buhun bai kai sosai ba. Na yanko duk inda na ga jijiya fara.

Juma'a, 22 ga wata, bayan la'asar

Sun yi gasarsu. A kan yashi da mai, kamar kowace shekara. Sun tafa, sun sha shayi, an ba wani dogon Bature kofin gasa. Ban ji wanda ya tambayi ciyawa ba.

Lahadi, 24 ga wata, da azahar

Na raka Yaya filin jirgi. Jiya ya hau soron gidanmu ya ga gwangwanayen da na jera, ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara ashirin a ƙasa mai tsarki, abin da ƙanensa ya tara ke nan, kiri-kiri a gwangwanin madara. Ya ce in ina so ya aiko min da buhu goma kyauta, har ya gode.

Yau muna jiran a kira su, ya ce ai ruwan ƙarshe ya sauka bayan an yi jana'iza, da ya je ziyara kafin ya taso ya tarar kiri-kiri ta fara rufe kabarin, ta gefen ƙafa. Ya ce da ya koma zai sa fartanya.

Na ce, "Yaya, ka bar ta."

Ya ce Inna fa ba ta ƙaunar ciyawar nan.

Na ce na sani, ya dai bar ta har in zo in cire da hannuna.

Ya ce, "Yaushe?"

Aka kira jirginsu.

Litinin, 25 ga wata, bayan asuba

Gobe zan mayar wa Mudir littafinsa, zan yage nawa shafukan. Na koma jan buhu, ni biyar Usman huɗu.

Sharifa ta ce za ta riƙa ajiye min ruwan alwala a bokiti, ya isa ban ruwa. Mastura ta ce ita za ta riƙa zubawa, na ba ta ƙoƙon ta riƙa awo da shi.

Abin da na tsira da shi: kiri-kiri gwangwani goma sha ɗaya. Uku sun bushe. Biyu ban sani ba tukuna. Shida sun yi sabon ganye. Carbi ɗaya. Ƙoƙo ɗaya.